Gidan da Ƙafarsa Ta Haddace

Zuwa ga Autata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidan naki da ɗan angona sarkin ƙiriniya. Yaya aikin asibiti da fama da jama'a? Allah ya ba da lada.

Na san za ki ce me ya sami Umma da rubuta wasiƙa alhali ga waya. To, kin dai san kunnen Babanku. Ko banɗaki na shiga na yi raɗa, ina fitowa zai gyara mini inda na yi kuskure a labarin. Ga shi muna gidan yayanki, inda ko tari mutum ya yi sai kowa ya ce masa sannu. Shi ya sa na koma wa alƙalamina, dama hannun tsohuwar malamar makaranta ba ya mantuwa.

Jiki da sauƙi, alhamdu lillahi. Sai dai likitan ƙashi bai ɓoye mini komai ba. Ƙugun nan da aka yi wa aiki ba zai ƙara ɗaukata yadda ya saba ba. Daga gado zuwa kujera zan iya da sanda, sauran zirga-zirgar kuwa sai a keke. Ke ma'aikaciyar jinya ce, ba sai na ja miki bayani ba. Na yi kukana na share hawayena, yanzu har na iya juya keken a falon nan ba tare da na ture musu tebur ba.

Maganar gidanmu ce ta sa na rubuto. Yayanki ya ce ba zan koma ba sai an gyara shi, kuma da gaskiyarsa. Kin san ba a rana ɗaya aka gina gidan nan ba. Da ɗaki ɗaya da baranda muka tare. Duk lokacin da shagon gyaran rediyon Babanku ya yi albarka, sai ya ɗauko magini a ƙara ɗaki, kuma bai taɓa maimaita magini ba, don da kowanne sai sun rabu baram-baram a kan yadda ake kwaɓa siminti. Kowannensu kuma inda ya ga dama ya tsayar da daɓensa. Daga falo ka hau zuwa lungu, daga lungu ka sauka zuwa ɗakinku, kicin kuwa sai ka tsallake dokin ƙofar nan mai kai wa ƙauri, wanda aka yi don kada ruwan sama ya shigo. A kansa kika bar haƙorinki na gaba ranar da kika ɗauke wa yayanki ƙwallo kika zura da gudu. A kansa kuma nake zama da yamma ina yi miki kitso, kina kuka kina cewa hannuna da zafi. Baƙi kan yi tuntuɓe su ce wannan gida ko hawan dutse, mu kuwa ko a jikinmu.

Yayanki ya kawo wata mai zanen gine-gine, sa'arki ce, ba ta rabuwa da tef ɗin awo, har na laƙaba mata Mai Awo. Yarinyar ta burge ni. Ba gidan ta fara aunawa ba, ni ta fara aunawa. Ta auna faɗin keken da hannuwana a kan tayoyin, ta ce in miƙa hannu sama da gaba ta ga iyakar inda nake kaiwa a zaune, ta sa na juya ta ga filin da nake ci. Ta ce matakalar ƙofar gida za ta koma gangare, kuma ba gangaren da aka ga dama ba. Wai a ƙa'idar aikinsu, duk tudun da ya kai taku ɗaya sai an ba shi gangare mai tsawon taku goma sha biyu, in ba haka ba keke ne zai riƙa tuƙa mai shi.

Da ta gama da ni sai ta juya wajen Babanku. Ta ga kaurin tabaransa, ta roƙe shi su je gidan tare ta ga yadda yake yawo a ciki. Ya murtuke fuska ya ce, “Ni aka gani a keke? Ki yi wa Hedimasta abin da ya dace da ita, ni lafiyata ƙalau.” Ta sake gwadawa, ya ƙara wa rediyonsa murya. Muka yi dariya muka ce ta rabu da shi, mutumin da ko sanda bai taɓa riƙewa a gidansa ba.

Tunda muka zo nan kuwa kujera ɗaya ya kama a bakin taga, ba ya tashi sai dole. Kewar gida ce ke cinsa. Ni ma ba zan ɓoye miki ba, da na ji jibi za a sa guduma a dokin ƙofar nan, sai da na ji ba daɗi. Na san shi ne ya raba ni da kicin ɗina, amma ina son abina.

Ki gaishe da mutanen gidan. Allah ya yi muku albarka.

Taki,
Umma


Autata,

Sallama da gaisuwa irin ta uwa. Ina fatan kuna lafiya, kuma murar angona ta sake shi. Na ga saƙonki, na kuma ji faɗan da kika yi mini a kan shan magani. Ina sha, malama likita.

Albishirinki, mun dawo gida. Da yayanki ya tsayar da mota, na ce kada kowa ya taɓa mini keke. Da hannuna na hau gangaren nan, na huta a ɗan filin da Mai Awo ta bari a tsakiya, na ƙarasa har falo. Auta, da kin ga gidan ba za ki gane shi ba. An daidaita daɓen tun daga ƙofa har bayan gida, an shimfiɗa farin tayil mai sheƙi, an shafe bango sumul an yi masa farin fenti. Tsofaffin ƙofofinmu shuɗɗa an cire su, an sa farare masu faɗi. Makunnan fitila duk an sauko da su daidai hannuna. Banɗaki kuwa har da ƙarfen dafawa da wurin zama, na yi wanka ba wanda ya ɗaga ni, ba wanda ya tsaya a bakin ƙofa yana tambaya ko na gama. Wanda bai taɓa rasa wannan ba, ba zai san daɗinsa ba.

Washegari na shiga kicin. Mai Awo ta rage tsayin teburin girki, ta bar fili a ƙasansa yadda gwiwoyina za su shige. Na ɗora ruwan zafi da kaina, ina tsaye a kansa, ko in ce ina zaune a kansa, sai ga hawaye. Rabona da kicin ɗin nan tun kafin ƙugu ya kwantar da ni. Na duba inda dokin ƙofar yake a da, ko alamarsa babu. Na ji daɗi, na kuma ji kamar an share wani abu daga allo ban gama kwafa ba.

Yanzu bari in kawo miki ƙarar Babanku. Mutumin nan da ya ishe mu da zancen gida, mun dawo kuma ya shige ɗaki ya ƙi fitowa. Shayi a ɗaki, abinci a ɗaki. Shukokinsa na tsakar gida da ba ya yarda kowa ya ba su ruwa, yanzu sai matar da ke zuwa taya ni aiki ce ke ba su. Abokinsa mai aski na jikin katangarmu ya aiko har sau nawa yana tambayar ko lafiya, benci ya yi kewarsa, ya ce a ce masa yana hutawa. Jiya na gan shi yana shafa bango a sama, inda tsohon makunni yake. Na ce Malam, ai an sauko da shi. Ya ce ya sani, ƙura yake gogewa.

Ni na san abin da ke damunsa. Fushi yake an fasa masa aikin hannunsa, girman kai kuma ya hana shi faɗa. Raina ya ɓaci, ba zan yi miki ƙarya ba. Ashe ba zai taya ni murna ba ko ta kwana biyu? Na ce masa in tudun nan yake kewa, a kawo masa bulo ɗaya ya ajiye a gefen gado ya riƙa tsallakawa safe da yamma. Da can da ya rama, kin san bakinsa. Wannan karon rediyonsa kawai ya jawo ya kunna.

Idan kin kira shi, ki ɗan zolaye shi ko ya saki ransa. Ke kaɗai yake wa dariya ba tare da an roƙe shi ba.

Ki gaishe mini da kowa.

Mahaifiyarki,
Umma


Auta,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Ki yi haƙuri, gaisuwar yau gajera ce. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba da karantawa. Ba mutuwa aka yi ba, kada hankalinki ya tashi.

Ranar Laraba bayan la'asar ina kicin, sai na ji kamar ana jan ƙafa a lungu. Na turo keke a hankali na leƙa. Babanku ne tsaye a tsakiyar lungun ba takalmi. Yana tura ƙafar dama gaba yana shafa tayil da ita, ya janye, ya ɗan juya, ya sake turawa. Na ɗauka wani abu ya yar yake nema. Kafin in yi magana ya yanke shawara ya taka da ƙarfinsa, sai goshinsa a bakin ƙofar ɗakinku da aka bari rabi a buɗe. Jini ya wanke masa fuska. Na ƙwala masa kira, ya juyo, amma ba inda nake ya kalla ba. Ya ce, “Hedimasta, nan ina ne?”

A gidan da ya gina da guminsa yake tambayata, Auta.

Yayanki ya kai mu asibiti aka yi ɗinki, daga nan muka wuce wajen likitan ido. Hawan jinin ido ne. Na hagu ya tafi gaba ɗaya, na dama kuwa haske da duhu kawai yake bambancewa. Likitan ya ce abin ba na bana ba ne, ba na bara ba, ya tambaye mu yadda aka yi ba mu lura ba. Na rasa inda zan sa fuskata. Kullum ina gefensa, ni mai taƙamar ko yaro ya ɓoye takarda a ƙarƙashin benci sai na gano shi.

Da muka dawo na tsare shi, ya ga ba mafita, ya faɗa mini komai. Ashe da tafin ƙafa yake ganin gidan nan. Simintin lungu mai kaushi ne, na falo mai santsi. Akwai tsaga a daɓen kusa da taga, in ya taka ta ya san ya juya dama. Murfin magudanar tsakar gida yana amsawa in an taka shi, daga nan ya san shukokinsa na gabansa. Dokin ƙofar kicin shi ne cibiyar komai, in ya rikice can yake komawa ya sake farawa. Shuɗɗan ƙofofin nan kuwa yana ganin duhunsu a jikin bango. Duk abin da muke kira aibin gidan, da shi yake tafiya. Yanzu ƙasa fari, bango fari, ƙofa fara, ya ce ji yake kamar an jefa shi cikin kwanon madara.

Na ce to me ya hana ka faɗa ranar da yarinyar nan ta roƙe ka? Ya ce tun a ranar ya san abin da zai rasa. Amma ya san halina, da na ji, da na ce a bar gidan yadda yake, in ƙare rayuwata ana ɗaga ni ana saukewa. Ya ce ya ɗauka zai koyi sabon a ɓoye kamar yadda ya koyi tsohon, sai ya tarar ba abin da ƙafa za ta kama. Ni kuma ina nan ina yi masa ba'ar bulo.

Ga inda maganar ta tsaya. Yayanki ya ce Babanku zai koma wajensa, inda akwai matarsa da yara masu sa ido, ni kuma in zauna a nan tunda an gyara mini, a riƙa kawo shi ranar hutu. Ban ga laifinsa ba, tsoro ne ya kama shi, ya ga jinin ubansa. Ni kuma ba zan iya bin su ba. Ƙofar banɗakinsu ba ta cin kekena, zaman da muka yi can ɗaukata ake yi kamar jaririya, gidan kuma na haya ne balle a fasa. Tun da aka kawo ni gidan mutumin nan, in ba kwanciyar asibiti ba, ba mu taɓa kwana a gida daban-daban ba. Yanzu da tsufanmu za a raba mu kamar kayan gado.

Na ce a kira magini a mayar da kowane tudu inda yake, ni na yafe kicin ɗin. Babanku ya daka mini tsawar da rabon da in ji irinta tun kuna yara. Ya ce in aka mayar da bulo ɗaya, da ƙafarsa zai bar gidan. Na ce ai dama barinsa za ka yi. Muka yi ta yi, kowa na tura wa ɗan'uwansa gida, har muka gaji. Ya riga ya ce wa yayanki ya amince, ƙarshen wata za a zo a ɗauke shi.

Ina jin tsoro, Auta. Ki sa mu a addu'a.

Umma


Zuwa ga 'yata abar ƙaunata,

Bayan sallama da fatan alheri, na gode da kiran da kika yi. Na ji muryarki tana rawa, shi ma ya ji, bayan kin ajiye ya ce wa ya taɓa masa Auta. Kada ki bar aikinki ki taho yanzu, ki bari ki ji yadda ake ciki.

Ni da kaina na kira Mai Awo. Na gaya mata duk abin da ya faru. Ta ce ƙa'idojin da take bi ba na ƙafa kaɗai ba ne, har da ido da kunne, kuma tun ranar da ya ƙi bin ta ya kamata ta kafe. Na ce ki bar wannan, mu da muke kwana da shi ma ya rufe mu. Na tambaye ta ko dole sai ɗayanmu ya haƙura da gidan. Ta ce ba dole ba ne. Ta roƙi yayanki ya ba ta zuwa ƙarshen watan, ya ce ta yi, amma shi bai canja shawara ba.

Ga abin da ta tsara. Ba tudun da zai dawo. Za a ciro layi ɗaya na farin tayil tun daga ƙofar ɗakinmu, a bi lungu, a ratsa tsakar gida, a sauka gangare har bakin ƙofar waje, a maye shi da baƙi mai kaushi, daidai da sauran daɓen. Layin siriri ne, tayoyina za su bi gefe da gefensa ba tare da na ji ko gargada ba. Za a kafa katakon dafawa a jikin bango, a yi wa bakin kowace ƙofa shuɗin fenti mai duhu, ƙofofin kuma su koma na turawa gefe don kada wata ta sake tsaya masa rabi a buɗe.

Babanku ya ce shi fa ba da shi ba. Wai da furfurarsa ba zai koma koyon tatata ba, a bar shi ya tafi inda aka ce. Na yi lallashi, na yi faɗa, ya yi kunnen uwar shegu da ni.

Yarinyar nan ba ta roƙe shi ko sau ɗaya ba. Ranar da za a fara aiki, sai ta sa magininta ya zauna daidai tagar ɗakinmu ya kwaɓa siminti, tana tambayarsa da ƙarfi kwanon yashi nawa ya zuba. Ina kallon Babanku yana motsi a kujera. Da maginin ya faɗi adadin, sai na ji, “Kai, wa ya koya maka aiki?” Kafin in ankara ya dafa bango ya fito, ya ce a miƙo masa kwaɓin ya murza a yatsa. Ya ce wannan ko akurkin kaji ba zai riƙe ba. Ita kuma ta shimfiɗa masa samfurin tayil iri-iri a gabansa, ta ce tunda ya fito, ya taka ya gaya mata wanne ne ba na banza ba. Duk ya kushe su, sannan ya zaɓi ɗaya.

Tun ranar yake kan maginin nan. Kowane tayil aka ɗora sai ya taka ya ce ya karkace. Bawan Allah ya yi yaji sau biyu, Mai Awo na dawo da shi. Ni ce mai tuna musu inda kowane abu yake a da, in ce nan tsagar take, sai ta sa tayil mai ƙuraje a wurin don ya san mahaɗa ce. Ya kuma sa an ɗauko akwatin tarkacen shagonsa, ya zaɓo kawunan murɗa tasha na tsofaffin rediyoyi, aka ɗaura ɗaya a katakon daidai kowace ƙofa. Mai tsaga-tsaga na kicin, mai santsi na banɗaki. Naku ɗakin ya ba shi wani ɗan ƙarami fasasshe, wai ya dace da mai ɗakin.

Sai dai har yau bai bi layin shi kaɗai a gabana ba. In na ce ya gwada, sai ya ce shi duba aiki yake yi, ba tafiya ba. Amma da azahar in na kwanta na rufe ido, ina jin jan ƙafa a lungu, a je a dawo. Ban nuna masa na ji ba. Asabar mai zuwa yayanki zai zo.

Ki shafa mini kan angona.

Taki har kullum,
Umma


Autata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaishe da maigidanki da yaron. Na hana yayanki ya kira ki, na ce wannan labarin ni zan ba ki da hannuna.

Ya zo ranar Asabar da hantsi, ya shigo da mota har cikin gida, ya fito da babban akwati wanda za a zuba kayan Babanku. Ya duba aikin ya yaba, amma ya ce Umma, layi a ƙasa ba ya mayar wa mutum ido. Ya ce in Baba ya faɗi a gangaren nan, wa zai ɗaga shi, ni da nake a keke? Babanku kuwa tun safe yana ɗaki, ko gaisuwar ɗansa daga ciki ya amsa. Na ce a raina shi ke nan, ya sallama.

Muna falo, yayanki ya ba ƙofar lungu baya, ni ina fuskantarta. Yana cikin lissafa mini ranakun da zai riƙa kawo shi, sai na ga hannu a kan katako. Babanku ne, ya sa babbar rigarsa da hula, har da sandar da likita ya ba shi wadda ya rantse ba zai taɓa ba. Ƙafarsa na kan baƙin layin. Ya zo daidai ƙofar falo, yatsunsa suka sami kan rediyon, ya ɗan tsaya, ya wuce.

Na san in yayanki ya waiga, zai zabura ya kama shi, magana kuma ta ƙare. Sai na ɗaga murya na rufe shi da faɗa. Na ce ya rame, matarsa ba ta ba shi abinci ne? Na ce wannan wane irin aski ne a kan babban mutum? Na tono har laifin da ya yi yana aji uku. Yaron nan ya saki baki yana kallona yana ba ni haƙuri. Bakina na faɗa, kunnena na waje. Na ji ƙofar gaba ta zuge. Daga nan gangare ne, Auta, kuma ban taɓa jin ya kai can ba. Hannuwana suna kan tayoyin keke, duk jikina na cewa in bi shi. Na riƙe kaina. Ban taɓa yin abin da ya fi wannan wuya ba, har da haihuwarku.

Can sai muka ji ana dukan ƙarfe, bam, bam. Yayanki ya fita a guje, na biyo shi. Babanku na tsaye a ƙasan gangaren, tafin hannunsa a kan motar. Ya ce, “Wane marar tarbiyya ne ya ajiye mota a kan hanyata? Aski zan je.”

Yayanki ya tsaya kamar an dasa shi. Ya kalli ubansa, ya kalli layin da ya shige ƙarƙashin motar, ya juyo ya kalle ni, a nan ya gane faɗan da na yi masa. Ya shiga ya ja motar baya. Da ya fito ya miƙa hannu zai kama shi, Babanku ya ce ya buɗe masa ƙofa kawai. Ya bi sauran layin, ya fita, ya dafa katangarmu har bencin mai aski. Ina jiyo su daga nan, abokin na cewa ashe ana ganinku, shi kuma yana cewa ai kai ne ba a gani.

Yayanki ya dawo ya zauna a bakin gangaren ya rufe fuska da hannu. Na bar shi ya yi mai isarsa. Da zai tafi ya kafa sharuɗɗa, a sa ƙararrawa a ɗaki da banɗaki, kuma zai riƙa leƙowa duk yamma. Na ce mun yarda. Ya mayar da akwatinsa mota yadda ya zo da shi.

Da yamma muna zaune a tsakar gida, Babanku ya gama ba shukokinsa ruwa, rabi a tukwane rabi a ƙafata. Ya ce, “Hedimasta, wannan fa ba gidan da na gina ba ne.” Na ce na sani, Malam, ni ma ina kewar wancan. Can ya ce amma ba laifi, za a iya zama da shi. Idonsa ba zai dawo ba, ƙuguna ma haka, kuma gidan da kuka yi rarrafe a ciki ya tafi. Amma nan za mu zauna, mu biyu.

Yanzu kina iya neman hutu ki zo. Abu ɗaya nake roƙonki, don na san halinki da na aikinku. In kin gan shi a lungu yana tafe a hankali, zuciyarki za ta karye, tawa ma kullum sai ta karye. Ki yi masa sallama ya san kina wurin, ki matsa gefe. Kada ki kama masa hannu sai in shi ya miƙo.

Allah ya yi muku albarka, ya kawo ki lafiya.

Ni ce mahaifiyarki,
Umma